A Daina Yi Wa Tsofaffin Motoci Kuɗin Goro

A tsakiyar shekarar 2009 gwamnatin Amurka ta ware dala biliyan 3 don karɓar tsofaffin motoci daga hannun jama'a ta hallaka su. Ka kai tsohuwar motarka wurin dillali, a rage maka dala 3,500 zuwa 4,500 daga kuɗin sabuwa. Sharaɗi shi ne motar ta zo da ƙafarta, tana tashi tana tafiya, da rajistarta da inshorarta. Daga nan sai a zare mata baƙin mai, a ɗura mata ruwan wani sinadari mai suna sodiyom siliket a madadinsa, a tayar da injin, a taka totur har ya ƙame. Da zarar sinadarin ya ji zafi sai ya sandare a cikin injin, ba kuma bakaniken da zai sake tayar da shi. Motoci kusan 700,000 aka yi wa haka cikin 'yan makonni.

A wannan shekarar dai Jamus ta biya yuro 2,500 a kan kowace motar da ta kai shekara 9 aka miƙa ta ga masu matse ƙarfe, motoci kusan miliyan 2 suka tafi. Birtaniya ta bi sahu da fam 2,000 a kan motar da ta haura shekara 10. An ce don kare muhalli ake yi, amma kowa ya san kamfanonin mota ne suka durƙushe bayan rikicin kuɗi na 2008 ake neman tallabe su. Daga baya wasu masana tattalin arziki biyu, Atif Mian da Amir Sufi, suka bi diddigin shirin na Amurka, suka gano cewa mafi yawan waɗanda suka sayi sababbin motocin mutane ne da dama za su saya nan da 'yan watanni. Cinikin da ya hau ya sake saukowa a watannin da suka biyo baya. Injinan da aka ƙamar kuwa sun tafi ke nan, alhali da su ne mai ƙaramin ƙarfi da ke riƙe da irin wannan motar zai ceci tasa gobe.

Ra'ayina a kan wannan ba ɓoyayye ba ne. Shekarun mota ba su ne ke nuna ko ta cancanci hawa titi ba. Halin da take ciki shi ke nunawa. Mutanen nan kuma da ake yi wa kallon marasa aikin yi, masu wuni a ƙarƙashin motar da ta girme su, hannu duk baƙin mai, suna riƙe da wani abu da ke suɓuce wa duniya ba tare da an yi shawara da kowa ba: ikon mutum ya buɗe abin da ya saya da kuɗinsa, ya fahimci yadda yake aiki, ya gyara shi da hannunsa ko ya kai wa wanda ya ga dama.

Da wannan ikon aka haifi mota tun farko. A watan Agusta na 1888 Bertha Benz, matar Carl Benz wanda ya yi rajistar motarsa ta farko a 1886, ta ɗauki 'ya'yanta maza biyu ta tuƙa motar daga Mannheim zuwa Pforzheim, tafiyar kilomita 100 da ɗoriya, ba tare da ta gaya wa mijin ba. A hanya bututun mai ya toshe, ta zare allurar hularta ta tsokale shi. Wayar wuta ta ci, ta naɗe ta da igiyar safarta. Katakon birki ya sule, ta tsaya wurin wani baduku ya liƙa masa fata. Mai ya ƙare, ta saya a kantin magani a garin Wiesloch. Tafiya mai nisa ta farko da aka taɓa yi da mota ita ce kuma gyaran gefen hanya na farko, direban ce kuma ta yi shi.

Wanda bai taɓa shiga harkar ba yakan ɗauka sha'awar tsohuwar mota goge fenti ne da ɗaukar hoto. Goge fentin shi ne ƙarshen aiki, wani ma bai damu da shi ba. Asalin abin sauraro ne da lura. Injin fetur abu uku yake nema kafin ya tashi: mai da iska gauraye daidai, tartsatsin wuta a kan lokaci, da matsi a cikin silinda. In mota ta ƙi tashi, ɗayan ukun ne ya yi ƙaranci, kuma a tsohuwar mota kana iya bin kowannensu da idonka daga tushe har ƙarshe. Ka zare fulogi ka duba bakinsa. In ya yi baƙi ƙirin da ƙura, kabureta na zuba mai fiye da kima. In ya yi fari fat, man ne ya yi kaɗan, injin na zafi, bawul na dab da ƙonewa. In ya jiƙe da baƙin mai, ringin fistin ko hanyar bawul ta buɗe. In ya yi ruwan ƙasa, bar shi, lafiyarsa lau. Hayaƙin salansa ma magana yake yi: shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, baƙi fetur ne ya yi yawa, fari mai kauri da ba ya yankewa bayan injin ya ɗumama ruwan lagireto ne ya sami hanya zuwa silinda, wato gasket ya ƙone. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar kwamfuta. Ido da kunne da hanci sun isa, sai haƙuri.

Ɗauki Volkswagen Beetle, wadda aka fara ƙerawa a 1938 aka rufe da ta ƙarshe a Puebla ta ƙasar Meziko a watan Yulin 2003, bayan an fitar da sama da miliyan 21. Injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, ba ta da lagireto balle ruwa ya tsiyaye. Noti huɗu ke riƙe da injin a jikin giya. Mutum biyu da jak suna sauke shi a tsakar rana su mayar kafin magariba. Tana buƙatar a saita mata bawul a kai a kai, inji a sanyaye, tazarar milimita 0.15, a kuma juye mata baƙin mai da wuri tunda yawancinsu ba su da filta sai raga kawai. Wannan shi ne cinikin da tsohuwar mota ke yi da mai ita: za ta dame ka da ƙananan hidimomi, amma duk hidimar da ta nema kana iya yi mata. Mercedes-Benz W123 mai dizal, wadda aka yi daga 1976 zuwa 1986, famfon manta na ƙarfe ne zalla. In ta tashi, ko ka cire batir injin zai ci gaba da juyawa, shi ya sa ma aka saka mata wani ɗan hannu a jikin injin mai rubutun tsayawa, don ka kashe ta da shi in makulli ya ƙi. Peugeot 504 ta fito a 1968, ta zama motar shekara ta Turai a 1969, aka daina yin salun ɗinta a Faransa a 1983, amma aka ci gaba da haɗa ta a Ajantina da Kenya da Nijeriya shekaru masu yawa bayan nan, saboda mota ce da bakanike mai akwatin sifana ɗaya zai riƙe ta a ko'ina.

Babban abokin gaba ba inji ba ne, tsatsa ce. Inji ana sauke shi a yi masa garambawul ya dawo sabo. Tsatsa kuwa daga ciki take ci, a ƙasan ƙofa, a dandamalin da ake taka ƙafa, a bakin taya inda laka ke maƙalewa, a wurin zaman batir inda ruwansa ke ɗiga. Kafin ta ɓullo a saman fenti ta gama ɓarna a ƙasa. Shi ya sa masu harkar ke zuwa ganin mota da maganaɗisu a aljihu: inda ya ƙi kamawa, fila aka shafe ramin da shi aka bi da fenti. Mai sayen tsohuwar mota don ƙyallinta sayen kifi a ruwa yake yi. Gara wadda fentinta ya koɗe amma ƙarfenta na nan, sau goma.

To, amma masu sukar tsofaffin motoci ba shirme suke faɗa ba, kuma duk mai sha'awar da ya toshe kunnensa yana cutar harkar ne. Maganarsu ta farko hayaƙi. Tsohuwar mota mai kabureta sau da yawa ba ta da matatar hayaƙi a salansa, wadda aka fara sakawa a Amurka a motocin 1975, Turai kuma ta wajabta ta a farkon shekarun 1990. A kowace kilomita, gubar da irin wannan motar ke fitarwa ta ninka ta sabuwa sau da yawa. In ka taɓa tsayawa a bayanta a cunkoso, idonka ya gaya maka. Tsohon dizal ya fi muni. Wannan gaskiya ce, ba a ja da ita.

Sai dai "a kowace kilomita" shi ne jigon maganar. Litar fetur ɗaya in ta ƙone tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon. Mu yi lissafi na misali. Tsohuwar motar sha'awa da ke shan lita 10 a kilomita 100, wadda ake fitowa da ita ranar hutu ta yi kilomita 2,000 a shekara, ta sha lita 200, ta fitar da kilo 460. Sabuwa mai tsimin mai, lita 6 a kilomita 100, wadda ake zirga-zirgar yau da gobe da ita kilomita 15,000 a shekara, ta sha lita 900, ta fitar da sama da tan 2. Ba mu ma saka abin da aka ƙona wajen haƙo ƙarfen sabuwar da narka shi da ƙera ta da jigilarta ba, wanda ya kai tan da dama kafin tayarta ta taɓa kwalta. Tsohuwar ta biya wannan bashin tun zamanin kakanni. Wanda ya ce a matse ta a ƙera wata don ceton muhalli, sai ya nuna mana lissafinsa.

Maganarsu ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta rai. A 2009 cibiyar nan ta kamfanonin inshora a Amurka mai gwajin haɗari, IIHS, ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009 gaba da gaba. Mutane da yawa sun ɗauka tsohuwar, da yake ƙarfe ce mai kauri, za ta murƙushe sabuwar. Akasin haka aka gani. Ɗakin direban Bel Air ya nannaɗe, sitiyari ya tunkaro kan gunkin gwaji, na Malibu kuwa yana nan da siffarsa. Zancen "motar da ƙarfe ce, ta yanzu gwangwani" ya kamata a binne shi. An ƙera gaban sabuwar mota ne don ya lotse ya shanye bugun, dabarar injiniya Béla Barényi wadda Mercedes-Benz ta fara amfani da ita a 1959, shekarar da Nils Bohlin na Volvo ya fito da bel mai ratsa ƙirji da ƙugu. Motocin da suka riga waɗannan ba su da ko ɗaya. Da yawa daga cikin na kafin ƙarshen shekarun 1960 layin birkinsu ɗaya ne: bututu ɗaya ya fashe, ƙafa huɗun duka sun tafi. Ba jakar iska, ba ABS, na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka birki da ƙarfi.

Saboda haka ba na tare da 'yan gani-kashe-nin asali, masu cewa kada a taɓa komai sai yadda ya fito daga masana'anta. Ka saka bel ko da ba ta zo da shi ba. Ka mayar da birkin layi biyu. Ka canja ruwan birki duk shekara biyu, domin yana tsotsar danshi ya ci bututu daga ciki. Ka duba lambobi huɗun nan da ke gefen taya masu nuna mako da shekarar da aka yi ta; tayar da ta shekara 10 ta mutu ko da zanenta na nan kamar ba a taɓa hawa ba, kuma motocin sha'awa su suka fi faɗawa wannan tarkon tunda ba sa tafiyar da za ta cinye tayar. Robobin mai ma a sabunta su da irin da ke jure sinadarin itanol, domin fetur ɗin da ake gauraya wa itanol, kamar wanda Birtaniya ta mayar na yau da kullum a 2021, yana cin tsohuwar roba, kuma ɗigon fetur a kan inji mai zafi shi ne ajalin tsofaffin motoci da yawa. Haka batun dalma: an daina sayar wa motoci fetur mai dalma a duniya baki ɗaya a 2021, Aljeriya ce ta ƙarshe, kuma alheri ne babba ga ƙwaƙwalwar yara. Tsohon injin da ya dogara da dalmar don kare mazaunin bawul sai a saka masa mazauni mai tauri, magana ta ƙare. Ba wanda ke da haƙƙin kukan rashin guba don motarsa ta ji daɗi.

Ina da abin faɗa a kan yadda hukumomi ke kama wannan al'amari, domin hanya biyu ake bi a duniya, kuma ɗaya ta fi ɗaya hankali. A birnin Delhi na Indiya kotunan ƙasar sun yanke cewa motar dizal da ta haura shekara 10 da ta fetur da ta haura 15 ba za su hau titi ba, Kotun Ƙoli ta jaddada haka a 2018. Hayaƙin Delhi abin tsoro ne, na fahimci abin da ya tunzura su. Amma dokar ba ta tambayi lafiyar motar ba, takardar haihuwarta kawai ta duba. Motar dattijon da ba ta fi zuwa asibiti da kasuwa ba, wadda ake yi wa sabis kan lokaci, hukuncinta ɗaya da wadda aka yi haya da ita har ta fita hayyacinta. Japan ma tana ƙara wa motar fetur haraji in ta haura shekara 13, wato ladan wanda ya riƙe kayansa da kyau shi ne ƙarin biya.

Jamus ta bi ɗaya hanyar. Tun 1997 take da lambar mota mai ƙarewa da harafin H. Mota ta kai shekara 30, mai bincike ya duba ya tabbatar tana cikin kyakkyawan hali kuma ba a ɓata mata asali ba, sai a ba ta lambar, ta riƙa biyan haraji tsayayye na kusan yuro 192 a shekara, a kuma bar ta ta shiga yankunan biranen da aka hana masu hayaƙi. Amma fa ana ci gaba da kai ta gwajin lafiya kamar kowace mota. Wannan ya yi mini daidai: rangwame a hannu ɗaya, bincike a ɗaya hannun. Birtaniya ta zarce da rangwamen. Motar da ta kai shekara 40 ba ta biyan harajin hanya, ba ta biyan fam 12.50 na shiga yankin tsabtar iska na Landan, kuma tun 2018 an ɗauke mata gwajin lafiya na shekara-shekara. Wannan na ƙarshen ban yarda da shi ba, ko da yake 'yan'uwana masu sha'awa sun yi murna. Motar da ta shekara 40 ita ta fi kowace buƙatar wani baƙon ido ya leƙa ƙarƙashinta, domin mai abu ba ya ganin aibin abinsa.

Akwai wanda zai ce duk wannan hirar masu cin abinci ne, mutumin da ke fama da akwala don ba shi da halin sabuwa ina ruwansa da lambar H. Tambaya ce mai kyau. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kashi 80 cikin 100 suka nufi ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, Afirka ce kuma ta fi kowace nahiya karɓa. Ga yawancin mutanen duniya tsohuwar mota larura ce. To amma mai larurar da mai sha'awar rijiya ɗaya suke sha. Kayan gyara ɗaya suke nema, littafin gyara ɗaya, bakanike ɗaya. Duk dokar da ta matse motoci masu rai ta rage musu kayan gyara su biyun, duk kamfanin da ya ɓoye bayanin gyara ya ɗaure su su biyun. Ƙasar Kyuba ta nuna iyakar abin. Bayan juyin juya halin 1959 da takunkumin Amurka da ya biyo baya, sababbin motocin Amurka da kayan gyaransu suka daina shiga. Chevrolet da Ford da Buick na shekarun 1950 na nan suna haya a Havana har yau, wasu da injin dizal na wata mota daban, wasu da kayan Lada, wasu da abin da maƙeri ya fafe da hannu. Baƙi na ɗaukar hotonsu suna cewa sha'awa. Masu su dole ce ta sa. Abin da ya ba su damar yin hakan shi ne motocin na buɗuwa ga duk mai sifana da basira.

Waɗanda ba na ƙaunar a haɗa mu da su su ne 'yan jari. A watan Mayun 2022 an sayar da wata Mercedes-Benz 300 SLR Uhlenhaut Coupé ta 1955, ɗaya daga cikin biyu da aka taɓa ƙerawa, a kan yuro miliyan 135. Irin wannan labarin ne ke sa jama'a su ɗauka harkar ta attajirai ce. Motar da aka kulle a ɗaki mai sanyi ana jiran farashinta ya hau ta tashi daga mota, ta koma takardar hannun jari mai taya. Zaman ma cutar da ita yake yi: robobi su bushe, birki ya ƙame, mai ya yi tsami a tanki. Ni gwanina shi ne Irv Gordon, malamin makaranta a jihar New York, wanda ya sayi Volvo P1800 sabuwa a 1966 ya yi ta tuƙa ta har ya rasu a 2018, ta haura mil miliyan 3, aka shigar da ita kundin bajinta na duniya. Da aka tambayi sirrinsa, bai wuce bin littafin mota da juye mai kan lokaci ba.

Abin da ya fi damuna ba tsofaffin ba ne ma, na yanzun ne. Sabuwar mota ta fi tsohuwa a kusan komai: ta fi tsimin mai, ta fi tsabta, ta fi kare rai, tana yin kilomita dubbai ba a buɗe bonet ba. Ba na musun ko ɗaya. Amma ta zo da kwamfutoci da dama a cikinta, kuma mai motar ba shi ke da makullinsu ba. Da aka wajabta kafar binciken nan ta OBD-II a Amurka a 1996, ci gaba ne, domin kowane gareji na iya jona na'ura ya karanta ciwon mota. Sannu a hankali aka riƙa janye abin da kafar ke bayarwa. Yanzu akwai motocin da in ka canja musu batir ko fitila ko wani ɗan sashe, sai an gabatar da sabon ga kwamfuta da na'urar kamfani kafin ya yi aiki daidai. Akwai waɗanda na'urar bakanike mai zaman kansa ba za ta taɓa komai ba sai ya yi rajista ya biya ta intanet. A 2022 BMW ta fara karɓar kuɗin wata-wata a wasu ƙasashe kafin ta kunna wa mutum na'urar ɗumama kujera wadda ke cikin motar da ya riga ya saya. Sai da jama'a suka yi ca sannan ta janye a 2023. Kamar ka sayi gida ne a ba ka takardu, amma wanda ya gina shi ya riƙe makullin ɗaki biyu, in kana son shiga ka kira shi.

Mutane sun fara farga. A jihar Massachusetts ta Amurka an kafa dokar 'yancin gyara a 2012, wadda ta tilasta wa kamfanoni su ba gareji masu zaman kansu bayanin da suke ba dillalansu. A 2020 aka koma akwatin zaɓe a kan bayanan da mota ke aika wa kamfani ta iska, kusan kashi 75 cikin 100 na masu zaɓe suka ce a buɗe, ƙungiyar kamfanonin mota ta garzaya kotu, aka shafe shekaru ana shari'a. Manoman Amurka ma sun daɗe suna wannan faɗan da masu ƙera tarakta. Hujjar kamfanoni ita ce tsaro, wai in aka buɗe ɓarayi da masu kutse za su samu ƙofa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma ban taɓa ganin an ce don akwai ɓarayi a hana mai gida makullin gidansa ba, kuma abin lura ne yadda kowace hujjar tsaro ke ƙarewa da aika ka garejin dillali.

Adalci ne a faɗi cewa wasu kamfanonin sun gane darajar tsofaffin motocinsu. Mercedes-Benz da Porsche sun daɗe da sassa na musamman masu sayar da kayan gyaran motocin da aka daina yi. A 2017 Mazda ta fara shirin sabunta MX-5 ta farko, Nissan ta koma ƙera kayan Skyline GT-R, Toyota ma ta bi da kayan Supra da tsohuwar Land Cruiser. Sai dai duk waɗannan motocin da suka yi suna ne, masu su kuma na da abin biya. Motar talakawa da aka yi miliyoyinta ba wanda ke waiwayarta, sai ƙungiyoyin masu sha'awa da ƙananan maƙera, waɗanda ke auna tsohon sashe su zuba sabo, su raba wa juna zane kyauta. Tsohon bakaniken da ya iya saita kabureta da kunne kuma yana ƙarewa, yaransa sun koma karatun na'ura, ba laifinsu ba ne, can abinci yake.

Abin da nake nema daga masu yin doka abu ne mai sauƙin faɗa. A gwada mota da halinta: a auna hayaƙinta, a duba birkinta da ƙarfenta, wadda ta faɗi a sauke ta daga titi ko shekararta 5, wadda ta ci a ƙyale ta ko shekararta 50. In birni ya shaƙe har dole a taƙaita masu hayaƙi, a taƙaita ta yawan fitowa da nisan tafiya, kada a aika da su maƙera. Sannan duk kamfanin da ya daina kula da wata mota, a tilasta masa ya saki littafin gyaranta da manhajarta ga jama'a, tunda ya riga ya ci kuɗinta ya gama.

Na ƙarshen nan shi ya fi gaggawa, domin alamunsa sun fara bayyana. Masu riƙe da motocin shekarun 1990 yanzu suna fama da kwamfutocin inji da ƙananan kayan cikinsu suka tsufa suka tsiyaye a kan allo. Wannan da sauƙi, mai gyaran rediyo da ƙarfen dalma yana maye su. A 2022 kamfanonin waya na Amurka suka rufe layin 3G, motoci masu yawa da ba su ma tsufa ba suka wayi gari kiran agajin gaggawa da buɗe ƙofa daga nesa sun daina aiki, ba abin da ya lalace a jikinsu. Motar da aka ƙera a 2025 za ta cika shekara 30 a 2055. Bodinta zai kai, domin ƙarfen yanzu ya fi na da jure tsatsa. Injinta ma zai iya kaiwa. Amma ranar da ta nemi izini daga wata kwamfutar kamfani kafin ta karɓi sabon sashe, ta tarar an kashe kwamfutar shekara 15 da suka wuce, mai ita zai tsaya da cikakken akwatin sifana a gabanta, ba notin da zai kwance.